BA JIYA ƊAN AREWA YA ZO KURMI BA, IN JI SABABBIN LITTATTAFAI

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk ɗan Arewan da ya taɓa zama a Kurmi, ko a Agege yake, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ko Fatakwal, ya san wata tambaya da akan jefa masa ran da aka sami saɓani a kasuwa: me ya kawo ka nan, kuma yaushe za ka koma garinku? Wani lokaci tambayar takan tsaya a fatar baki, wani lokaci kuwa takan kai ga zub da jini. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a Shagamu cikin watan Yuli na 1999 ba, da ramuwar gayyar da ta biyo baya a Kano, wadda ta faɗa kan 'yan Kudu da ba su ji ba, ba su gani ba. Haka kuma ba a manta da rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021 ba, ko mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta zuwa gida yin Salla.

Yawancinmu idan aka yi mana wannan tambaya, amsarmu ita ce neman abinci ya kawo mu, kuma tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya ga dama. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata amsa da ta fi wannan tsawo, tana kuwa cikin waɗansu littattafai da masana suka wallafa daga 2019 zuwa yau a kan kimiyya da tarihi da zaman jama'a. Na nemi guda huɗu daga cikinsu na karanta, na kuma ga ya kamata in gutsuro wa masu karatun wannan shafi abin da marubutan suka ce, mai daɗin da mai ɗacin duka.

SAURO DA ƘUDAN TSANDO

Na farko littafi ne da ya haɗa kimiyya da tarihi, sunansa The Mosquito, watau Sauro, wanda wani malamin jami'a ɗan ƙasar Kanada mai suna Timothy Winegard ya wallafa a 2019. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, sarakuna da manyan mayaƙa sun sha yabo a kan yaƙe-yaƙen da sauro ne ya ci musu, domin zazzaɓi ya riga takobi kwantar da abokan gaba. A ƙiyasinsa, daga cikin mutum miliyan dubu 108 da suka taɓa rayuwa a doron ƙasa, cututtukan da sauro ke ɗaukowa sun kashe miliyan dubu 52, watau kusan rabi ke nan. Masana da dama sun ce wannan lissafi ya yi yawa, tun da babu wanda ya riƙe rajistar matattu a zamanin da. To, amma ko an rage masa, abin da ya saura ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 zazzaɓin cizon sauro ya kashe kusan mutum 600,000, kuma wajen kashi 30 cikin 100 na waɗannan a Nijeriya suka mutu.

Idan muka auna ra'ayin wannan malami da tarihin ƙasan nan, sai mu ga bai yi nisa da gaskiya ba. A 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa su hau kogin Kwara, Turawa kimanin 150 ne a ciki, zazzaɓi ya kashe fiye da 40, sauran suka juya ba shiri. A 1854 wani likita mai suna William Baikie ya sake hawa kogin har ya shiga Binuwai, amma shi ya sa mutanensa shan kunin kullum, maganin nan mai ɗaci da ake samu daga ɓawon wata itaciya ta Kudancin Amurka. Ya je ya dawo bai rasa Bature ko guda ba. A lokacin ma ba a san sauro ne ke kawo cutar ba, sai a 1897 wani likita Ronald Ross ya tabbatar da haka a ƙasar Indiya. Watau dai sauro ya daɗe yana tsare mana ƙofa, kunin ya zo ya buɗe ta.

Sauro yana da wani ɗan'uwa wanda ya fi shafar aljihun masu karatu, shi ne ƙudan tsando. Wannan ƙuda yana son inuwa da laima, saboda haka ya fi yawa a kurmi da bakin koguna. Idan ya ciji saniya ko doki yakan sa musu cutar sammore, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. Shanun da suke jure masa su ne irin muturu, ƙanana marasa tozo, waɗanda namansu bai isa ya ciyar da manyan garuruwa ba. Shi ya sa tun fil azal kiwon manyan shanu ya zama na Arewa. A ɗaya gefen kuma, itacen goro ba ya yi sai inda ruwan sama yake da yawa kuma akwai inuwa. Ga shi kuwa Bahaushe ba ya ɗaurin aure, ba ya suna, ba ya karɓar baƙo sai da goro. Allah cikin ikonsa ya ajiye masu cin goro a wuri guda, itacen goro a wani wuri, ya ajiye shanu a wuri guda, masu bukatar nama a wani wuri. Dole wani ya tashi ya yi tafiya.

Wanda yake shakkar wannan ya tuna da ƙarshen watan Fabrairu na 2021, sa'ad da ƙungiyar fataken abinci da shanu ta tsai da kai kaya Kudu bayan rikicin Shasha. Cikin 'yan kwanaki nama da tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabo a Ikko, a Arewa kuma tumatir ya yi kwantai yana ruɓewa a hannun manoma. Ba a yi mako biyu ba aka sasanta, domin kowane ɓangare ya ji a jikinsa.

FATAKEN GWANJA DA MUTANEN SABO

Kafin in ci gaba, ya kamata in ambaci waɗansu tsofaffin littattafai uku da suka share fagen wannan magana. A 1978 Dokta Mahdi Adamu, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya fitar da The Hausa Factor in West African History, inda ya bi sawun Hausawa fatake da malamai da masu sana'a a ƙasashen Afirka ta Yamma. A 1980 Paul Lovejoy ya fitar da Caravans of Kola, watau Ayarin Goro, a kan Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suke tashi daga ƙasar Kano da jakuna, madugu na gaba, su ƙetare Kwara su ratsa Bargu har kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yanzu. Sukan kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro bayan watanni. Sai a farkon ƙarni na 20 noman wannan irin goro ya bazu a ƙasar Yarbawa, wajajen Agege da Ota da Shagamu, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano a 1911, fataucin ya juyo Kudu. Har gobe Yarbawa suna kiran wannan goro gbanja, watau sunan Gwanja ne ya biyo shi.

Na uku shi ne littafin Abner Cohen na 1969 a kan Hausawan Sabon Badun, unguwar da aka kafa a 1916. Ya zauna cikinsu a 1962 da 1963, ya kuma gano cewa babban jarin mutanen Sabo shi ne amana. Maigida yana saukar da falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, dillalinsa ya sayar da shanu bashi ga mahauta, shi maigidan ya tsaya a kan za a biya. Ana jujjuya dukiya mai yawa babu takarda babu sa hannu. Duk wanda ya ci amana sau ɗaya, labari ya riga shi isa Kano.

WURI DA KUƊI

Littafi na biyu cikin sababbin shi ne A Fistful of Shells, watau Cikin Tafin Wuri, na Shehun Malami Toby Green na wata jami'a a birnin Landan, wanda ya fito a 2019. Yaran yanzu da yawa ba su san cewa kalmar kuɗi jam'in wuri ba ce. Wuri kuwa ƙwanson wata 'yar dabbar teku ce, kuma mafi yawan wanda kakanninmu suka ƙirga daga tsibiran Maldibs ya fito, can cikin tekun Indiya. Jiragen Turawa sukan cika cikinsu da shi su kai Amsadam ko Landan, daga can a sake lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a sayi bayi da shi, sa'an nan ya bi hannun fatake har ya iso Kano da Katsina.

Tambayar da Green ya yi wa kansa ita ce: yaya aka yi ƙasashen da suke da zinariya da masaƙa da birane masu ganuwa, waɗanda sarakunansu suke aika jakadu ƙasashen waje, suka wayi gari cikin talauci? Amsarsa tana ga irin abin da ake fitarwa da irin abin da ake shigowa da shi. Abin da yake fita shi ne zinariya, wadda ba ta ruɓewa kuma ana karɓarta ko'ina a duniya, da kuma mutane, waɗanda ƙarfinsu yake ta haifar da dukiya a gonakin rake na ƙasashen Amurka. Abin da yake shigowa kuwa wuri ne da sandunan ƙarfe da mundayen tagulla da yadudduka. Waɗannan kuɗi ne a nan, amma ba a karɓarsu a kasuwannin Turai, kuma gwargwadon yadda aka ƙara jibge su, gwargwadon yadda darajarsu take faɗuwa. Bayan shekaru ɗaruruwa, wancan ɓangare ya tara jari, wannan ɓangare ya tara tulin ƙwanso.

Tarihinmu ya gaskata shi. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne ake ba da dalar azurfa guda. A daidai wannan zamani 'yan kasuwar Jamus suka fara kwararo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar ta tashar Ikko. Kafin ƙarshen ƙarnin wuri ya lalace, har ya zama ladan ɗan dakon da zai kai shi gari mai nisa yakan cinye babban rabo daga cikin kayan. Wanda ya ga yadda naira ta zube daga 2023 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Abin lura a nan shi ne, jirgi ya sauke kaya a Ikko, mai sayar da fura a Kano ta ji a ƙwaryarta. Kasuwar Arewa da ta Kudu sun riga sun zama ɗaya tun ba a haifi Lugga ba.

Green ya ƙara da cewa cinikin bayi ya tara dukiya da bindigogi a hannun sarakuna da mayaƙansu, talakawa suka gaji, suka yi ta tayar da ƙayar baya a sassa da dama, kuma ya sa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 cikin jerin waɗannan juye-juye. Malamanmu za su ce asalin jihadi gyaran addini ne, haka kuwa yake. Amma wanda ya karanta Kitabul Farƙi ya san an lissafa jangali da sauran haraje-haraje na zalunci da ƙwacen dukiyar talaka cikin laifuffukan sarakunan wancan lokaci. Saboda haka maganganun biyu ba su yi karo ba.

SHEKARA 110 KAFIN HAƊEWA

Littafi na uku 'yan ƙasan nan ne suka rubuta shi, Fola Fagbule da Feyi Fawehinmi, sunansa Formation, watau Kafuwa, kamfanin Cassava Republic ya buga a 2020. Dukansu biyu ba malaman tarihi ba ne, ɗaya ma'aikacin banki ne, ɗaya akanta. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, ga 'yan Kudu biyu sun tashi ba da labarin kafuwar Nijeriya, suka ɗauko shi daga jihadin 1804, suka biyo shi har zuwa ranar 1 ga Janairu 1914 da aka haɗe Arewa da Kudu. Ra'ayinsu shi ne, Turawa sun tarar da ƙasa wadda yaƙi da fatauci da bauta da addini suka riga suka cuɗa mutanenta, koguna biyu, Kwara da Binuwai, suka ɗinke ta.

Misali mafi girma shi ne Ilori. Wajen 1817 Afonja, sarkin yaƙin Oyo, ya yi wa Alafin tawaye, ya haɗa kai da Malam Alimi, aka yi kira ga bayi Musulmi da ke ƙasar Oyo su gudo Ilori su sami 'yanci. Da yawansu Hausawa ne, su ne masu kula da dawaki da wanzamai da makiyaya. Ashe ke nan shekara 200 da suka wuce akwai Hausawa birjik a tsakiyar ƙasar Yarbawa, har yawansu ya isa ya girgiza daula. Haka kuma a ƙarshen 1825 Bature Clapperton ya tashi daga Badagiri, ya ratsa Oyo ya ƙetare Kwara ya shiga Kano, ya ƙarasa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya mutu a 1827. Bai sari daji ba, hanyar fatake ya bi.

To, ga mai ɗacin. Marubutan ba su ɓoye maganar bauta ba, kuma bai kamata mu ma mu ɓoye ba. Masana sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi a daular Sakkwato, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ƙabilu da yawa na tsakiyar ƙasan nan har yanzu suna tuna hare-haren kama bayi, kuma wannan tuni yana cikin abin da ke hura wutar gaba a yau. Kudu ma hannunta ba a wanke yake ba. Badun da Ikko da Boni da Kalaba duk sun ci kasuwar mutane. Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop baƙar fata na farko na cocin Ingila a 1864, yaro ne da aka kama a garinsu a 1821 aka sayar. Wanda ya karanta wannan babi zai rage yi wa maƙwabcinsa gori.

BINDIGAR BATURE A HANNUN WA?

Na huɗu shi ne What Britain Did to Nigeria, watau Abin da Ingila Ta Yi wa Nijeriya, na Max Siollun, wanda ya fito a 2021. Wannan marubuci an san shi da littattafansa a kan juyin mulkin soja, kuma a 2025 ya ƙara fitar da wani a kan zamanin da ya gabaci zuwan Turawa. Ra'ayinsa shi ne, riba ce ta kawo Ingila, da ƙarfin bindiga ta ci ƙasa, kuma mutane sun yi turjiya a ko'ina, Arewa da Kudu. Kamfanin Neja na George Goldie ya sami izinin mulki a 1886, gwamnatin Ingila ta karɓe a ƙarshen 1899 ta biya shi fam 865,000. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin watan Yuli, aka kuma share garin Satiru a 1906.

Abin da zai fi taɓa masu karatu shi ne maganar sojoji. A 1863 wani hafsan jirgin ruwa John Glover ya tara 'yan Arewa 18 a Ikko, ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Rundunar sojan Nijeriya daga nan take ƙirga asalinta. Da yawan waɗanda suka shiga bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu, ba kuwa dukansu ne Hausawa ba, Hausa dai ita ce harshen bariki. Da irin waɗannan sojoji aka yaƙi Ijebu a 1892. Da irinsu kuma aka ci Kano, inda baƙaƙen sojoji suka fi 700, Turawan da ke ba su umurni kuwa ba su kai 50 ba. Watau an ɗauki ɗan Arewa an doki Kudu da shi, aka kuma juyo da shi ya doki gidan ubansa. Akwai garuruwan Kudu da farkon ganinsu da Bahaushe a cikin kakin Bature ne, kuma irin wannan tabo yakan daɗe bai warke ba.

Game da haɗewar 1914, tarihi ya nuna lissafin kuɗi ne. Gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta, sai baitulmalin Ingila ya cika mata, Kudu kuwa tana da rarar kuɗin kwastan, babban rabo daga harajin barasa. 'Yan siyasa sun daɗe suna jifan Arewa da wannan magana. Sai dai a tuna Arewa ba ta da tashar jirgin ruwa, duk abin da ta saya daga waje ko ta sayar, ta bakin teku yake bi, kuma daga 1912 gyaɗar Kano ta fara cika taragun jirgin ƙasa zuwa Ikko.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma wanda kakanninsa suka fi shekara 200 suna kai da komo a kan hanya guda, raɓarsa ta daɗe da zama rafi. Wannan ba izini ba ne na raina masu gari. Mutanen Sabo da Cohen ya zauna da su sun daɗe ne saboda riƙon amana da girmama sarakunan da suka ba su masauki. Haƙƙin da muke nema wa ɗan Arewa a Anacha, shi ne kuma haƙƙin Inyamiri da Bayarabe a Sabon Garin Kano.

Babbar matsala ita ce duk littattafan nan da Turanci aka rubuta su, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai tura baro ko mai sayar da albasa. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, iyayenmu suka karanta tarihinsu da harshensu. Yau muna da jami'o'i a Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina cike da masanan Hausa, muna da attajirai masu gina manyan gidaje. Ina roƙonsu su nemi izinin marubutan nan a fassara ko guda biyu. Kafin nan, sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya haɗa kuɗi su sayi kofi ɗaya ɗaya, a sami ɗalibi ya riƙa karantawa yana fassarawa bayan sallar lisha, kamar yadda ake taruwa a saurari rediyo. A kuma gayyaci maƙwabta Yarbawa da Inyamirai, domin labarin nasu ne su ma.

Waiwaye adon tafiya ne. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.